Shagon turi a Mabera mai loda cikakken wasan ƙwallon kwando

Masu turi a Sakkwato sun fi ƙarfin ƙirga. Duk kwanar da ka sha akwai mai kwamfuta da tarin igiyoyin waya a gabansa, yana loda wa mutane fassarar Indiya, finafinan Kano, karatun malamai da waƙoƙin siyasa. Amma wanda za ka ce wa kana son wasan ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka, cikakke daga tashi har ƙarshe, ya ɗago kai ya tambaye ka na wace shekara, guda ɗaya na sani a garin nan. Shagonsa yana Mabera, ɗan ƙuƙumi ne tsakanin mai cajin waya da mai gyaran fanka, ba allo ba suna. Masu horar da yara da masu gardamar NBA, babbar gasar ƙwararrun 'yan kwando ta Amurka, a majalisa ya kamata su san da zamansa, su kuma san inda ya gaza kafin su kai kuɗinsu.

Ni malamin motsa jiki ne a wata sakandare, da yamma kuma ina horar da yara ƙwallon kwando. Lokacin da gwiwa ke da ƙwari lamba ɗaya nake bugawa, mai ɗauko ƙwallo daga baya ya raba wa jama'a. Shi ya sa duk shekara idan zaɓen sabbin 'yan wasa na NBA ya matso a ƙarshen watan Yuni, idona a kan 'yan wannan gurbin yake. Ba wai akwai mai jiran shawarata a Amurka ba. Dalili shi ne su yarana suke kwaikwayo, kuma iyakar abin da suke gani a waya tsakure ne na daƙiƙa talatin: yanka, jifa daga nesa, ihun 'yan kallo. Tsakure kuwa buhun albasar Kara ne, manya a baki, sai ka zazzage a gida kake sanin abin da ka saya. Lamba ɗaya yakan riƙe ƙwallo kusan a kowane hari, kuma mafi yawan aikinsa ba ya shiga tsakure.

Kallon wasannin nan kai tsaye ba na mai aikin safe ba ne. Wasan da aka fara ƙarfe bakwai na yamma a gabashin Amurka, a nan sha biyun dare ne a ƙarshen Maris, ƙarfe ɗaya a lokacin sanyi, manyan wasanni kuwa sukan kai biyu ko uku. A 2025 ma zagayen farko na gasar ƙasa ta jami'o'i da ake farawa a Maris, wadda ƙungiyoyi 68 suka shiga, cikin goman ƙarshe na azumi ya faɗo, to wa zai bar tahajjudi ya tafi neman kwando? Gidajen kallonmu na ƙwallon ƙafa ne, ka ce a canza tasha a sa kwando ka ga yadda za a kalle ka. Tsofaffin wasanni da yawa suna YouTube kyauta, gaskiya ne, sai dai wasa ɗaya mai kyan hoto ya haura giga guda, kuma a unguwarmu sabis ɗin da zai sauke shi ba tare da yankewa ba sai tsakar dare.

Abin da mai shagon ke sayarwa ke nan: datarsa, rashin barcinsa, da tsari. Naira 300 yake karɓa kan wasa ɗaya, idan za ka ɗauki biyar ko fiye ya rage maka. Ya jera su shekara-shekara, cikin kowace shekara makaranta-makaranta, sannan ya ware wa fitattun 'yan wasa folda da sunansu. Yana yanke talla da dogon hutu, don haka wasan minti 40 da kan cinye awa biyu a talabijin yakan dawo awa ɗaya da 'yan mintoci. Matashi ne, ya yi kwando a makaranta kafin ya koma sana'a, kuma ya san abin da yake da shi. Ba sai ya buɗe fayil ba zai gaya maka wa ya ci.

Foldar da ta nuna min amfanin shagon ita ce ta Walter Clayton Jr., lamba ɗaya na jami'ar Florida da suka ɗauki kofin ƙasa a 2025. Wasanni uku na ƙarshe na nema. Da na ce a fara da na ƙarshe, wanda suka yi da Houston, sai mai shagon ya ɓata fuska.

"Koci, wanga wasa ba ka jin daɗinai. Yaron bai ci komi ba har anka tai hutu. Bari in ɗora ma na Auburn, can na yac ci talatin da huɗu."

"Ƙanena, ɗora man su dut. Amma na Houston nika so."

Bai yi ƙarya ba. Clayton ya ci maki 30 a kan Texas Tech, ya ci 34 a kan Auburn a wasan kusa da na ƙarshe, kuma duk wanda ya ga tsakuren waɗannan wasannin zai ce a ɗauke shi cikin biyar na farko. Jifa yake daga nesa, cikin gudu, jiki a karkace, hannun mai tsaro a fuskarsa, kuma tana shiga. Amma waɗannan wasannin tambaya ɗaya suka amsa, cewa ya iya jifa, kuma wannan an san shi tun yana Iona, ƙaramar makarantar da ya fara a ƙarƙashin koci Rick Pitino kafin ya koma Florida a 2023. Tambayar da ta rage ita ce me zai yi ranar da aka hana shi jifan.

Houston ta koci Kelvin Sampson ƙungiya ce da aka sani da wannan hanin. Idan dogon ɗan wasa ya zo ya yi wa lamba ɗaya shinge don ya kuɓuce wa mai tsaronsa, su ba sa ja da baya. Mutum biyu suke afka wa mai ƙwallo a lokaci guda, su tura shi wajen layi, su ce ya nemi mafita. Haka suka yi wa Clayton, har aka tafi hutun rabin lokaci bai ci ko maki ɗaya ba. Wanda ya dogara da tsakure, rabin farkon nan babu shi a duniya. A cikakken wasa kuwa nan ne karatun yake. Ka duba ko ya fara jifan haushi don ya ga sunansa a allo. Bai yi yawan haka ba. Ya riƙa jawo mutum biyun zuwa kansa, ya fitar da ƙwallo, tunda duk inda biyu suka taru kan ɗaya akwai wanda aka bari shi kaɗai. Will Richard ne ya fi cin moriyar wannan, shi ya riƙe Florida a rabin farko, ya tashi da maki 18. Houston ta ba su tazarar maki 12 a rabi na biyu, sannan Clayton ya fara kutsawa ƙarƙashin kwando, ana yi masa keta yana ci. Ya gama da maki 11 da ƙwallaye 7 da ya bayar aka ci, Florida ta yi nasara 65 da 63.

Harin ƙarshe ma ba da jifa ya kashe shi ba, da tsaro ne. Florida na gaba da maki biyu, ƙwallo na hannun Emanuel Sharp na Houston, ya tashi sama zai jefa ta maki uku, Clayton ya taso masa da tsalle hannu a miƙe. Sharp ya ga in ya jefa za a tare, in ya sauko da ita a hannu laifi ne, sai ya sake ta ƙasa, kuma doka ta hana shi ya fara taɓa ta. Alex Condon na Florida ya faɗa kanta, lokaci ya ƙare. Wannan wurin na sa yarana sun kalla a waya ta a bakin fili, don su ga wanda aka hana ci rabin wasa guda bai yi zuciya ya bar tsaro ba. Af, a ƙungiyar Florida ɗin akwai ɗan Nijeriya, Rueben Chinyelu, dogon da ke fara musu wasa a tsakiya, kuma yana cikin masu yi wa Clayton shingen.

Cikakken wasa bai ɓoye aibinsa ba kuma. Clayton maci ne da aka ba ragamar raba ƙwallo, ba asalin mai rabo ba. A shekararsa ta ƙarshe maki 18 da 'yan kai yake ci a kowane wasa, ƙwallayen da yake bayarwa a ci kuwa huɗu da ɗoriya, wanda ba yawa ba ne ga lamba ɗaya. Idan aka matse shi yakan ga mutumin da ke kusa da shi, amma na can kusurwa ta nesa ba kullum yake ganinsa da wuri ba, wani lokaci kuma ƙwallon takan makara har mai tsaro ya dawo. Tsayinsa bai wuce ƙafa 6 da inci 3 ba, shekarunsa 22 a lokacin zaɓe. A ganina ya isa ya shigo daga benci a NBA tun shekarar farko ya yi jifa, amma a damƙa masa ƙungiya gaba ɗaya, wannan da saura. An ɗauke shi na 18, ya tafi Utah, kuma ban ga an zalunce shi ba.

Shekaru suna da nauyi a lissafin masu zaɓe fiye da yadda 'yan majalisa suke zato. Dokar NBA ta ce sai yaro ya cika 19 a shekarar zaɓen, kuma ya yi shekara ɗaya da gama sakandare, shi ya sa gwanaye sukan yi shekara guda a jami'a su fice. Ɗan shekara 22 da ke cin 'yan 18 da 19, ana ganin ya kusa ƙure girmansa. Wannan lissafin yakan ci masu shi. Jalen Brunson ya ɗauki kofi biyu da Villanova, 2016 da 2018, aka ba shi gwarzon ƙasa a 2018, amma sai a zagaye na biyu Dallas ta ɗauke shi, na 33, don gajere ne kuma ba ya tashi sama. A 2024 yana cikin taurarin NBA da New York. Fred VanVleet na Wichita State ma an gama kiran sunaye 60 a 2016 babu nasa, Toronto, wadda Masai Ujiri da ya tashi a Zariya ke jagoranta a lokacin, ta ɗauke shi daga baya, ya ci kofi da su a 2019. Mai shagon yana da wasannin Brunson na 2018 masu kyan hoto, kuma in kana so ka koya wa yaro yadda ake amfani da ƙafa da kafaɗa a maimakon gudu, a nan za ka fara.

Yanzu ga inda na yi faɗa da shi. Don fayil ya yi sauƙi, a wasanni da dama yana yanke jifan keta, wato wanda ake ba mutum ya tsaya a layi shi kaɗai. Sai ka ga alƙali ya busa, hoto ya yi tsalle, maki ya ƙaru a allo. Shi a ganinsa ɓata lokaci ne. Alhali masu nazarin 'yan wasa sun daɗe da lura cewa jifan keta yana cikin abubuwan da suka fi nuna ko hannun yaro na gaskiya ne, don babu mai tsaro, babu sa'a, kuma ana yinsa da yawa. Markelle Fultz, wanda aka ɗauka na farko a 2017, kashi 65 cikin ɗari yake ci a layin nan a jami'ar Washington. Lonzo Ball da ya biyo shi na biyu, kashi 67 a UCLA. Dukansu sun sha wahalar jifa da suka shiga NBA, ko da yake shi Fultz ciwon kafaɗa ya ƙara masa. Clayton kuwa a shekararsa ta biyu a Iona kashi 95 ya ci, babu wanda ya kai shi a ƙasar. Ba adadin kaɗai nake nema ba, ina so in ga yadda yake tsayawa a layi saura minti ɗaya, numfashi na fita da ƙyar. Da na yi magana ya daina yankewa a sabbin da yake saukewa, amma tsofaffin sun riga sun tafi haka.

Na biyu, wasu fayilolin an datse gefensu don su cika fuskar waya, sai layin da ke nuna maki da agogo ya ɓace. Wannan ba ƙaramar asara ba ce. A jami'a daƙiƙa 30 ake ba ƙungiya ta yi jifa, a NBA 24. A jami'a kana da daƙiƙa 10 ka tsallake tsakiyar fili, a NBA 8. Lamba ɗayan da ya saba tsayawa yana buga ƙwallo a ƙasa yana jiran koci ya nuna masa yatsa, sai daƙiƙa kusan 20 sun wuce zai fara hari, wannan zai sha mamaki. In babu agogo a hoton ba za ka gane ko mai saurin yanke shawara ne ba. Ka ce ya buɗe maka fayil ka gani kafin ya tura. Ba ya ƙi.

Ingancin hoto ma yana da ruwa da tsaki a wani wurin da ba kowa ke kula ba: ƙafar mai jifa. Layin maki uku na jami'a mita 6.75 ne daga kwando tun kakar 2019, daidai da na ƙasa da ƙasa wanda muke shatawa a filayenmu. Na NBA mita 7.24 ne, ban da kusurwa inda ya matso. Kusan rabin mita ke nan. Yaron da kullum yatsunsa a bakin layi suke, a NBA jifan maki biyu yake yi. Wasannin 2024 da 2025 na shagon ana ganin wannan sarai. Na kafin 2012 kuwa da yawa dishi-dishi ne, lambar riga ma sai ka yi da gaske, wasu kuma da sharhin Sifaniyanci ko Rashanci. Foldar Stephen Curry ta 2008, lokacin da ya kai Davidson cikin takwas na ƙarshe, tana cikin waɗannan, abin takaici.

Wani bambancin da ya kamata mai kallo ya riƙe a ransa shi ne a jami'a dogon mai tsaro yana iya kafa tanti a ƙarƙashin kwando, babu mai cewa ya tashi, a NBA kuwa in ba wani yake tsarewa ba daƙiƙa uku ce iyakarsa. Saboda haka hanyar kwando a jami'a ta fi cunkushewa, kuma mai kutse da ya sha wuya a can yana iya samun sarari a gaba. Foldar Ja Morant ta 2019 ta nuna wannan, kuma na yaba wa mai shagon da ya ajiye wasannin biyu ba ɗaya ba. A na farko makarantarsa Murray State ta doke Marquette, Morant ya ci 17, ya bayar da 16 aka ci, ya tsinto ƙwallo 11 da aka jefa ba su shiga ba. Shi kowa ke turawa. A na biyu Florida State, masu dogaye kamar an zaɓo su, cikinsu har da Christ Koumadje ɗan Chadi mai ƙafa 7 da inci 4, suka lallasa su 90 da 62. Morant ya ci 28, amma daga nesa ya fi samu, ƙarƙashin kwando ya toshe, abokan wasansa kuma aka rufe su. Memphis ta ga duka biyun ta ɗauke shi na biyu.

Babban gibin shagon dai shi ne kusan duk kayansa na gasar Maris ne, don su suka fi sauƙin samu. To amma ba kowane gwani ke zuwa gasar ba. Dylan Harper, wanda San Antonio ta ɗauka na biyu a 2025, ƙungiyarsa ta Rutgers wasannin da ta faɗi sun fi waɗanda ta ci, ba a gayyace ta ba. Foldarsa a shagon kusan wayam take, abin da ke ciki ma tsakure ne da aka haɗa. Damian Lillard bai taɓa buga gasar ba a duk zamansa a Weber State, kuma shi ne na shida a 2012, ya zama gwarzon sabbin shiga. Fultz ma bai je ba. In ka dogara da shagon nan kawai, za ka riƙa fifita 'yan manyan makarantun da suka yi nisa a Maris, kuma wasa uku ko huɗu na mako biyu ba su isa a yanke wa yaro hukunci ba. Wasannin Janairu da Fabarairu, a gidan abokan hamayya, da ƙungiyar da ta riga ta san shi ta shirya masa, su ne babu.

Shagon kansa ba wurin zama ba ne. Benci ɗaya ne, kwano a sama, a watan Afrilu in ka shiga da azahar ka ga ta kanka. In an ɗauke wuta sai ya tashi janareta, shi ma ba ya tashi don mutum ɗaya. Bayan isha'i ya fi, masu neman fassara sun ragu, yana da lokacin hira. Ka zo da filash ɗinka, kuma ka wanke shi in ka koma gida, don kwamfutar da wayoyin rabin unguwa ke shiga ba a rasa ta da cuta. Na taɓa komawa na tarar foldodina sun ɓuya. Fayil kuwa in ya ƙi buɗewa ko ya tsaya a tsakiya, yana sake turawa ba ya karɓar ko kwabo, ba ya ma tambaya.

Na yi masa maganar wasannin Janairun. Ya ce zai iya, amma sai ya kwana yana ɗauka kai tsaye, kuma ba zai yi wa mutum ɗaya ba. In an samu biyar da za su riƙa saya, zai yi a kan naira 500, ba yanke jifan keta, ba datse agogo. Mu uku muka sa suna, ni da wasu masu horarwa biyu da muke haɗuwa a filin Giginya. Saura biyu.